Har-Abada da Ƙarfen Barandarmu

A kan zanin gado faɗana da Har-Abada ya fara. Fari ne tas, ƙanwata ta ba ni shi. Na wanke na shanya a kan ƙarfen barandarmu ta sama kamar yadda kowace mace a gidan hayar nan take yi, da na zo kwashewa sai na tarar gefen da ya sauka ƙasa ya yi jan tabo. Na duƙa na duba inda ƙafar ƙarfen ta shiga siminti. Fenti ya kumbura a wurin kamar maruru. Na sa farce na ɓantara, wani jan gari ya zubo mini a tafin hannu.

Na sauka da shi a dunƙule. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa a tsakar gida, daidai ƙarƙashin barandar, yana shan shayi.

"Har-Abada, buɗe hannunka."

"Me kuma aka samo mana yau, Yaya?"

Na juye masa. Ya murza da yatsa, ya kai hanci.

"Tsatsa ce."

"Ai na san ba kwalli ba ne. Daga ƙarfenka ta fito, na sama."

Ya kaɗe hannu a jikin wando. "Ƙarfena ba ya tsatsa."

"Ba ya yi, ko dai bai yi ba ranar da ka yi masa ganin ƙarshe?"

"Ba ya yi. Bai taɓa ba, ba zai taɓa ba. Je ki duba bokitinki, wannan bokitin ai ya girme ni."

"Bokitina na roba ne, makahon banza."

Daga nan abu ya lalace, don idonsa da gaske ya fara tafiya, kuma ba ya so a ambata. Ya miƙe tsaye yana huci. Ya ce ko giwa ta jingina da ƙarfen nan sai dai giwar ta gaji. Ya ce tsufa ya kama ni na rasa aikin yi, na koma ɓantarar fentin mutane. Ni kuwa na ce masa ya saurara da kyau, don wannan ce maganata ta ƙarshe da shi: bakina ba zai ƙara haɗuwa da kunnensa ba har a kai ni kushewa. Matan da ke wanke-wanke a bakin famfo suka yi ta ƙunshe dariya, don sun san tsawon "har" ɗina. Rantsuwata da ta fi daɗewa kwana biyu ta yi.

Ni dai tun ina yarinya na gane cewa manyan kalmomin nan, kullum, ko kaɗan, duk duniya, ban taɓa ba, kamar kayan kasuwa suke, sai an yi ragi. Mijina marigayi in ya ce kullum yana kawo mini nama, to ya kawo sau biyu a watan. Mace ta ce miki babu komai a gidanta, ki shiga ki tarar da tukunya a wuta. Yaro ya ce kowa na da irin takalmin nan a makarantarsu, abokinsa ɗaya yake nufi. Ba ƙarya suke yi ba. Mai faɗa ya san ya ƙara, mai ji ya san zai rage, a haɗu a tsakiya a zauna lafiya.

Matsalar Har-Abada ita ce ba a yi wa maganarsa ragi. Shi ma ba ya yi mata.

Yana saurayi ya zo unguwar nan, da injin walda a cikin baro da baƙin gilashi rataye a wuya. Ni lokacin ina goyon ɗana na biyu. Ya kafa rumfa a bakin titi, ya fara da gyaran ƙafar kujera da murhu, har ya kai ga ƙofofi da tagogi da matakalar bene. In ya gama aiki yana da wata al'ada tasa: zai ɗauki ƙaramar guduma ya buga wa ƙarfen sau ɗaya, ya saurari amonsa, ya ce, "Har abada." Sai ya juya baya ya tafi. Yara suka riƙa bin sa suna buga gwangwani suna kwaikwayonsa, sunan ya bi shi har sunansa na yanka ya ɓace. Matarsa ma, Allah ya ji ƙanta, in ranta ya ɓaci haka take kiransa.

Kuma a yi wa mutum adalci, aikinsa aiki ne. Ba ya sa siririn ƙarfe ya ce mai kauri ne. Ba ya rufe rami da fenti. In ya je sayen tsohon ƙarfe ba ya yarda da idonsa, sai ya bi shi da guduma gaɓa-gaɓa, kunne a karkace. Mai kyau yakan amsa masa kamar ƙararrawa, ruɓaɓɓe ya yi shiru, sai ya jefar. Na sha tsayawa ina kallonsa in na dawo daga kasuwa. Ƙofar da ya yi wa mai kantin magani ɓarayi sun gwada ta sun koma hannu rabbana. To mutum irin wannan in ya ce har abada, wa zai tsaya ciniki?

Abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya komawa ya duba aikin da ya gama. Ubangidansa da ya koya masa sana'a ne ya dasa masa wannan, wai maƙerin da ya dawo leƙen aikinsa ya sanar da mai kaya ke nan cewa akwai abin leƙawa. Ya riƙe maganar kamar wasiyya. In zai wuce ƙofar da ya yi, gefe yake kallo. Ƙarfen barandarmu kuwa shi ya yi shi tun ana ginin saman, kafin kowa ya tare. Daga baya shi ma ya kama ɗaki a ƙasa, ya yi aure, ya haifi 'ya'yansa, ya binne matarsa, duk a ƙarƙashin ƙarfen nan, bai taɓa hawa ya dafa shi ba. Da farko don al'ada, daga baya don gwiwa. Hasken walda ya cinye masa ido, ya rufe rumfa, ya dawo ƙofar ɗaki da kofin shayi.

Da ni kaɗai ce a saman, wallahi da na bar shi da giwarsa. Ni ba na jingina da komai, ko da mutum. Amma ɗansa, direban babbar mota da ba ya zama, ya kama ɗakin da ke jikin nawa ya ajiye matarsa da 'yarsu. Yarinyar Mage muke ce mata, don tun ba ta iya magana ba take hawan duk abin da ya fi ta tsawo. Kujera, buhu, bayan mutum yana ruku'u. Lokacin da nake ba ku labari ta gano ƙarfen baranda. Sai ta taka sandar ƙasa, ta kama ta sama, ta riƙa lilo tana leƙa tsakar gida. Ƙasan kuwa siminti ne.

Bayan faɗan na koma sama na kama ƙarfen da hannu biyu na girgiza. Daga can farko ƙyam yake. Da na zo daidai ƙofar su Mage sai na ji ya ɗan motsa. Kaɗan ne, kamar haƙorin da ya fara tunanin fita. 

Na kira uwar Mage na nuna mata.

"'Yar nan, kama nan ki ji."

Ta kama da yatsu biyu kamar mai taɓa kayan wani. "Iya, ni ban ji komai ba."

"To ki hana yarinyar nan hawa."

"Ai Baba ya ce ko giwa..."

"Kin taɓa ganin giwa a saman bene?"

Ta yi dariya ta shige ɗaki. Ba laifinta ba ne. Surukinta ne, kuma tun da ta shigo gidan ba ta taɓa kama shi da magana biyu ba.

Na tare mai gidan ranar da ya zo zagaye. Ya saurare ni yana duba wayarsa, ya ce, "Iya, wa ya yi ƙarfen?" Na ce Har-Abada. Ya ce, "To ai kin ba kanki amsa." Amma don kada a ce bai yi komai ba, sai ya turo mai fenti. Aka shafe ƙarfen kore shar, har da inda na ɓantara. Ya fito kamar amarya. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don da can aƙalla yana da kamar tsoho, mutum ya ɗan yi shakkarsa. Yanzu kowa sai ya zo ya ɗora ƙirji a kai yana shan iska. Mai ɗinkin da ke ɗakin ƙarshe, mace ce da Allah ya hore wa jiki, na fito na gan ta ta ba shi baya gaba ɗaya tana waya. Na fizgo ta da zani har wayar ta kusa faɗuwa. Ta ce, "Iya, lafiyarki kuwa?" Zuwa yamma labari ya zaga gida cewa kan tsohuwa ya fara taɓuwa.

Na samo igiya na ɗaure wurin da ginshiƙi, uwar Mage ta kwance ta yi shanya da ita. Sai na fito da kujerata 'yar tsugunne na dasa a daidai wurin. Nan nake tsince shinkafa, nan nake cin abinci, nan nake gyangyaɗi. Na daina zuwa kasuwa, sai aike. In zan shiga bayi sai na leƙa na ga Mage tana barci ko tana bayan uwarta, in shiga in fito ban gama abin da ya kai ni ba. Bokiti ya faɗi a tsakar gida, sai in zabura, in ɗauka Mage ce ta faɗo. Na rame har zobena ya fara juyawa a yatsa. Shi kuwa yana ƙasa yana kurɓar shayi, in ya ji motsina sai ya ɗaga murya ya ce da iska, "Wasu dai sun zama masu gadi ba albashi." Ina ji, in haɗiye. Na riga na yi rantsuwa a gaban mata, kuma ko na karya ta me zan faɗa masa da ban faɗa ba? Gidan nan kaf ba da ƙarfe suke jingina ba, da maganar mutum ɗaya suke jingina, shi kuma mutumin ya ƙi hawa ya ga abin da maganar ta zama.

Wata rana da la'asar na shiga ɗaki in juya miya a kan risho. Uwar Mage ta sauka ɗebo ruwa, ta ce mini yarinyar barci take. Ina cikin juyawa na ji murya.

"Kaka! Kaka, kalle ni!"

Na fito da cokali a hannu. Tana kan sandar, ba ta ƙasa ba, ta tsakiya, cikinta a kan ta sama, rabin jikinta a waje. Daidai wurin. Na ga ƙarfen da idona ya ɗan sunkuya waje, ya dawo, ya sake sunkuyawa.

Daga ƙasa na ji shi yana dariya. "Riƙe da kyau, uwata! Ƙarfen kakanki ne!"

Ban san yadda na isa ba. Na dai ji rigarta a hannuna, na fizgo ta muka zube tare a ƙasa. Ta tsala ihu don na ɓata mata wasa. Na tura ta ɗakina na ja ƙofa. Bakina cike yake da maganganun da in na sake su sai an kira masu sulhu. Sai na ga cokalin nan a hannuna, babban na ƙarfe, har yanzu da miya a jikinsa.

Na tafi can farkon baranda na duƙa, na buga wa ƙafar farko. Ta amsa, tan, amon ya bi ƙarfen har ƙarshe. Na matsa na buga ta biyu. Tan. Na ji an ajiye kofi a ƙasa. Ta uku, tan. Na ci gaba ina jan gwiwa, ina bugawa, ina ba shi lokaci ya ji, yadda na ga yana yi a rumfarsa shekara da shekaru. Da na zo ƙofar su Mage na buga.

Ba ta amsa ba. Wani ɗif ta yi, kamar an bugi jiƙaƙƙen katako.

Tsakar gida ta yi tsit. Har famfon aka kashe.

"Sake," in ji shi daga ƙasa. Muryar ba irin tasa ba ce.

Na sake. Ɗif.

"Ta gaba."

Ɗif.

"Ta gaba."

Wannan ta ɗan amsa, amma a shaƙe.

Na ji ƙarar kujerarsa, sai takun sandarsa a matakala. Ya daɗe yana hawa. Yana tsayawa yana nishi, uwar Mage na biye da shi tana "Baba, a hankali, Baba, bari in riƙe ka," yana ture hannunta. Da ya iso ya lalubo ƙarfen ya bi shi da tafi har inda nake. Ya durƙusa a kan gwiwoyin nan da ya ce ba sa lanƙwasuwa. Ya danna babban yatsansa a gindin ƙafar. Koren fentin ya fashe, yatsan ya shige ciki, wani baƙin ruwa ya biyo.

Ya daɗe a haka, yatsa a cikin ramin.

"Bututu ne," ya ce a hankali. "Cikinsa rami. Lokacin da na yi shi ba kowa a saman nan. Mai gidan ya ce mini zai ɗaura igiyar shanya a baya." Ya ciro yatsan ya shinshina. "Sabulu. Ruwan wanki ne yake gangarowa ya kwanta a gindi. Tun yaushe kuke shanya a nan?"

Uwar Mage ta ce, "Ai Baba, kullum."

Wannan "kullum" ɗin kam babu ragi a cikinta.

Ya juyo inda yake jin numfashina. "Yaya, na ce har abada. Ban sa da ruwan wankin mata a ciki ba."

"Ni ma na ce har kushewa," na ce masa, "ban sa da jikarka a ciki ba. Tashi, ka tare mini hanya, miyata na ƙonewa."

Bai iya tashi ba sai da muka kama shi mu biyu.

A ranar aka jera buhuna da tebur aka tare wurin. Sauran aiki kuwa, idonsa ba zai iya ba, dole aka kira Sauri, mai waldan titin baya, wanda Har-Abada ya sha faɗa a gaban jama'a cewa ba zai taɓa iya haɗa ƙarfe biyu su miƙe ba. Sauri ya zo da injinsa bai tada tsohon zance ba, sai cewa ya yi, "Baba, yaya kake so a yi?" Tsohon ya zauna a kujerata yana ba da umarni: a yanke ƙafafun duka, har masu amsawa, a sa ƙarfe mai ciki a cike, a tada siminti a gindi ya yi gangare don ruwa ya wuce. Da aka gama Sauri ya miƙa wa tsohon ƙaramar gudumarsa ta da. Mata sun taru a matakala, yara suna jira su ji kalmar. Ya buga. Ƙarfen ya amsa har cikin haƙorina. Ya saurara har amon ya mutu, ya sa gudumar a aljihu, ya nemi sandarsa.

Na ɗauka shi ke nan, zan koma kasuwata in huta. Ashe damuwar ba ta bar gidan ba, ɗaki ta sauya. Ni na samu barci, shi ya rasa. Da safe sai ya fita da sanda a hannu ɗaya, guduma a ɗaya, yana bin ayyukansa na da. Ƙafar tankin ruwa a wani gida, matakalar wani shago, barandar wani bene a bayan tasha. Duk yana tuna su, har da waɗanda masu su suka mutu. Ya yi sallama ya ce ya zo duba ƙarfe. Wasu su ba shi kujera da ruwa. Wasu su ce, "Baba, ba kai ka ce har abada ba? To me ya dawo da kai?" Su rufe ƙofar, ƙofar da shi ya yi. Yawancin ayyukan lafiyarsu ƙalau, suna amsa masa. Amma in ya dawo ba waɗannan yake ba ni labari ba.

"Yaya, akwai wani tanki. An sayar da gidan, sababbin sun hana ni shiga. Ƙarƙashinsa yara ke wasa, na ji muryarsu."

"Bututu ka sa?"

"Ban tuna ba. Shi ne abin. Ban tuna ba."

Shayinsa ya huce a kofi. Wando ya fara zame masa. Ranar da mai babur ya kawo shi gida da gwiwa a ƙuje, ya ce a tsakiyar titi ya tsince shi yana lalube, ɗansa ya kira yayarsa, babbar 'yar Har-Abada da ke aure a wani gari, suka yanke cewa ta zo ta tafi da shi. Na sa Sauri ya yi mini alkawari zai je gidan tankin ya san dabarar da zai shiga. Ya ce zai je. Ban dai san tsawon tasa "zan je" ba, shi ya sa nake tare shi a hanya duk lokacin da na gan shi.

Ranar tafiya an gama loda kaya, an zaunar da shi a gaban mota, sai ya ce a kira masa Yaya. Na sauko. Mage na maƙale a ƙofar motar tana neman hawa saman. Ya lalubo hannuna ya danƙa mini ƙaramar gudumar. Ƙotarta ta yi santsi don riƙo.

"Cokali na miya ne," ya ce.

"Ai ya yi aikin da guduma ta ƙi yi."

Bai yi dariya ba. Ya ɗaga fuska wajen barandar da ba ya gani, ya riƙe mini hannu gam, ya rage murya don kada 'yarsa ta ji.

"Yaya, tsakaninki da Allah. Wannan sabon zai riƙe?"

Na san abin da yake so in ce. Kalma biyu ce, kuma tasa ce, da na ba shi ita wataƙila ya yi barci a hanya. Direba ya riga ya tada mota.

Na ce, "Bana zai riƙe. Baɗi in ina nan zan ƙwanƙwasa, in aiko maka da abin da ya ce."